Ranar Da Ƙyanda Ta Tsallaka Titi

Mai walda ya dawo gida cin abincin rana, ya tarar da 'yarsa Auta kwance a tabarma, jiki zafi rau, idanu jajur.

Ƙyanda ta riga ta cika layinsu. Gidajen haya ne, ɗaki jikin ɗaki, yara na wasa a tsakar gida ɗaya. Ma'aikatan lafiya sun bi gida-gida, sun ce sun duba yadda cutar ke tafiya: a nan ta fi ƙarfi, tsallaken titi kuwa ba ta shiga ba tukuna. Suka rufe makarantar layin, suka ce duk yaron da ya fara zazzaɓi a kai shi asibiti, kada a kai shi gidan kowa.

"Ka dai ji abin da suka ce," in ji matarsa.

"Na ji. Cewa suka yi tsallake babu ciwo. To zaman me za ta yi a nan? Haɗo mini kayanta, in kai ta tsallake wurin ƙanwata."

"Baban Auta, ƙanwarka fa goyo gare ta. Jaririn ko allurar ƙyanda bai isa a yi masa ba."

"Ashe likita na aura? Da kin faɗa da wuri, da na daina walda."

Ya ɗora yarinyar a gaban babur, ya bi ta bayan kasuwa don kada wani ya tambaye shi. Ƙanwarsa ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa.

"Yaya, lafiya? Jikinta kamar garwashi!"

"Rana ce ta buge ta. Riƙe mini ita har layinmu ya lafa."

Ba ta saba yi wa yayanta musu ba. Ta kwantar da Auta a gadon da jaririn ke kwana.

Washegari ƙuraje suka feso wa Auta. Ta sha wuya, amma ta tashi. Ba a jima ba jaririn ya fara tari, numfashi na sarƙewa.

Mai walda na tsakiyar aiki aka kira shi. Ya iske ƙanwarsa a barandar asibiti, zanen goyo a cinyarta, babu ɗan.

"Yaya," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ka san Auta na da ƙyanda?"



Kafin a gama zaman makoki, yaran maƙwabtanta sun kwanta. Aka rufe makarantar tsallake ita ma.

Jama'a, cuta ba a unguwa take zaune ba, a jikin mutum take tafiya. In aka ce wani wuri bai kamu ba, ba maɓoya aka nuna maka ba. Gargaɗi ne kada kai ka kai musu.