Wasiƙun Takama na Dogarawa

Kowace Alhamis da ƙarfe biyu da rabi na rana, lokacin da duk mai hankali a Konni yake neman inuwa ya miƙe ƙafa, Mushe Abarshi yakan zauna a ɗakin watsa shirye-shirye ya gaya wa jama'a littafin da ya kamata su karanta. Jama'a kuwa suna ta sharar barcinsu.

Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, mazaunin Malbaza. Shekara tara yana hawo motar haya da jakarsa ta fata, yau ya yabi wani tsohon ƙagaggen labari mai shafi ɗari huɗu, gobe tatsuniyar yara, jibi littafin tarihin rijiyoyi. A shekarun nan tara mutum ɗaya ne ya taɓa bugo waya cikin shirin, ita ma wata mata ce mai cigiyar akuya.

Sabuwar shugabar gidan rediyon, Madam Sakina, ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ba shi wata uku: ko shirin ya sami masu sauraro, ko ta sa tallan maganin basir a gurbinsa. Mushe ya fita bai yi wa kowa sallama ba. Shirin nan shi kaɗai ya rage masa tun da ya bar aji.

Mako biyu bayan haka wasiƙar farko ta iso a hannun Jibo, direban da ke jigila tsakanin Dogarawa da Konni ta hanyar Malbaza. Mai sa hannu wani ne wai shi Takama na Dogarawa, kuma bai zo da wasa ba.

"Littahin adana albasa da Mushe ya ce mu karanta," in ji wasiƙar, "wanda ya rubuta shi bai taɓa leƙa rumbun albasa ba. Ku duba shahi na talatin da biyu. In kuka bi shi, kahin damina ku da kanku za ku gudu daga warin gidanku."

Madam Sakina ta yi dariya har da hawaye. Ta miƙa wa Mushe, tana jira ta ga ya fashe. Shi kuwa ko gilashinsa bai sa ba, ya ce a karanta ta a iska, kada a cire ko kalma ɗaya.

Ranar aka bugo waya sau goma sha ɗaya.

Daga nan kowane mako sai Takama ya yi wa Mushe wankin babban bargo. Tsohon labarin nan mai shafi ɗari huɗu, cewa ya yi jarumin ya kwashe shafi sittin yana shawarar ko ya buɗe ƙofa. Tatsuniyar yaran kuwa, ya ce kurar da ke ciki ta fi malamin da ya yabe ta wayo. Mushe ya riƙa kare littattafansa da gumi, yana karanto shafi bayan shafi. Masu shayi a tasha suka rabu biyu. Manoman rani a Badaguishiri suka aiko a ara musu littafin albasar don su gani da idonsu waye maƙaryaci. Matan da ba su taɓa sayen littafi ba suka fara tambayar na kurar, wai don yara.

Abin da ya fi burge Madam Sakina shi ne, duk littafin da Mushe ya ambata, ko da irin wanda za a zagaye jihar Tawa ba a sami na biyunsa ba, Takama ya riga ya karanta shi har ya san lambar shafi. Ta ce lallai akwai manyan masana a ƙauye, ana nan ana fama da tarkace a birni.

Da wata ukun suka cika, ta yanke hukunci irin na masu hangen nesa. Ai ba don tsohon ake kunna rediyo ba, don mai zaginsa ne. Ta rubuta wa Takama takarda da hatimin buro, wato ofishinta: shirin ya zama nasa, za a mayar da shi bayan labaran yamma, kuma ga babur na hawa, ya zo ranar Litinin ƙarfe goma. Jibo ya karɓa yana wani murmushi, ya ce insha Allahu yau za ta shiga hannun mai ita.

Sannan ta kira Mushe ta gode masa da hidimar shekara tara, a cikin minti biyu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ganin an fifita mutumin da ba a taɓa gani ba a kansa. Ya ce, "To, Madam, Allah shi ba ku alheri."

Ranar Litinin aka share buro, aka sa lemo a kan tebur. Ƙarfe goma daidai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta ga Mushe Abarshi da jakarsa, sai ranta ya ɓaci.

"Haba Mushe, in roƙo ne, maganar ga ta ƙare. Babban baƙo nike jira."

Tsohon ya ja kujerar baƙon ya zauna, ya buɗe lemon ya kurɓa. Ya zaro takarda mai hatimin buro daga aljihu, ya shimfiɗa ta a gabanta.

"Shekara tara ina yabon littattahai ba wanda ya ji ni, sai da na koma zagin kaina," in ji shi. "Ina makullin babur ɗin?"