Gahawar da Ta Canja Ranar Litinin

Ranar Litinin shida ga Oktoba, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, aka fara cutar Malam Abdul-Fatawu. Kurɓi ɗaya ya yi wa gahawarsa ya ajiye kofin. Tsami-tsami, ba nauyi, kamar an ɗauraye tukunya an miƙo masa ruwan.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa a Kumasi kafin 'ya'yansa su ɗauko shi zuwa Bronx, kuma bai taɓa ƙyale aikin ha'inci ba, na yaro ko na babba. Gahawa ma yana da ƙa'ida a kanta: a soya ta har ta yi baƙi, mai ya fito a jikin ƙwayar, ɗacin ya tsaya a maƙogwaro. Shekara bakwai yana sayenta wurin Habibou, mutumin Maraɗi mai ɗan shago a titin Burnside, cikin jakar takarda marar tambari.

Ya sha gaya wa mutanen masallaci cewa harshensa yana gane hannun mai suya. Ta shagunan kamfani masu rassa ɗari-ɗari kuwa aikin inji ce, ko kyauta ba ya sha, bai ma taɓa taka ƙofarsu ba. A kan maganarsa mutum fiye da ashirin suka koma saye wurin Habibou. Da reshen irin wannan kamfani da ke tsallaken titi daga shagon Habibou ya rufe a ƙarshen Satumba, har tsayawa ya yi yana kallon ana sauke allonsu, ransa fari tas.

Bai yi saurin zargi ba. Ya canja ruwa. Ya wanke tukunya da lemon tsami. Ran Laraba ya aika aka sayo sabuwar jaka, ya zazzage a faranti: wasu ƙwayoyin baƙi, wasu ja-ja, wasu ko zafi ba su ji ba. Ya kasa zama. Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, jaridar ma layi ɗaya yake ta maimaitawa.

Ran Alhamis ya tafi da kansa. Shagon cike da hayaƙi, an tokare ƙofa da kujera. Habibou ya fito daga ciki, idanu jawur, yatsa biyu a naɗe da bandeji.

"Ticha, ya ka ji ta wannan satin?"

Idon Malam ya riga ya sauka ƙarƙashin kanta, inda aka ninke manyan jakunkuna fanko, kowace ɗauke da tambarin kamfanin da ya rufe. Shi ke nan, magana ta fito. Sun tashi, Habibou ya kwashe ragowarsu yana ɗura wa mutane.

Bayan sallar Juma'a Hakeem direban bas ya tare shi a bakin takalma.

"Ticha, gahawar mutuminka ta lalace fa. Ko harshen ne shi ma ya yi ritaya?"

Aka yi dariya. Wannan dariyar ta fi tsamin ƙona masa rai, don sunansa ne ya jingina a shagon nan. Ya riƙo hannun Hakeem ya ce ya zo ya zama shaida, suka nufi Burnside, Malam na gaba yana sauri kamar an kaɗa ƙararrawa.

Ya tsaya tsakiyar shagon, bai karɓi kujera ba.

"Habibou, ni ba a mayar da ni wawa. Shekara bakwai ina yabon hannunka a gaban dattawa. Juma'a mai zuwa za ka tsaya a ƙofar masallaci ka ba ni haƙuri kowa na ji, kuma ka faɗi da bakinka inda ka samo abin da ka sayar mini ran Litinin."

Habibou ya dubi Hakeem, ya dubi yatsunsa.

"To, zan tsaya, Ticha, na cancanta. Amma in na tsaya duka zan faɗa: ta ran Litinin ita ce ta farko da na taɓa soyawa da hannuna, waccan da kake yabo shekara bakwai daga tsallaken titi nake sayowa ina juye maka a jakar takarda."