Telan da Ya Hana Uwarsa Fura

Tunda ka ce likita ya raba ka da tuwo, har ka fara leƙa tukwanen gidanka kana kafa wa kowa doka, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela. Mutum ne da ya share shekaru a kan keken ɗinki, daga shago sai gida, har tumbi ya fito masa yana gogar keken. Da jiri da yawan fitsari suka dame shi, aka auna aka ce sukari ne. Likita ya ce ya rage tuwo da shinkafa da fura, ya riƙa cin ganye da ƙwai da nama. Ya bi, Allah kuma ya ba shi sa'a, tumbi ya sace, jiri ya tafi, ya koma kamar saurayi. To ka san halin wanda ya warke, sai ya fi likitan zaƙewa. Ya shiga sauraren masu surutun abinci a waya, wannan ya ce hatsi guba ne, wancan ya ce nono da cuku na ɗan maraƙi ne ba na ɗan Adam ba. Gogan naka bai tsaya tantancewa ba, ya haɗa duka ya ɗora wa gidansa.

A gidan akwai mahaifiyarsa, tsohuwa da ya ɗauko daga ƙauye don ta huta. Haƙoranta sun zube, abincinta kuwa tun tana yarinya bai wuce kunu da safe, fura da nono da rana, da ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka da yamma ba. Ba wanda ya taɓa cewa tana da sukari, shi ma bai kai ta an auna ba. Ya dai dube ta ya ce a ransa, ashe gubar da ta kusa kashe ni ita nake ba uwata da hannuna. Wallahi don ƙauna ya yi, wannan ba na musu. Ya sallami mai nonon da ke zuwa ƙofar gida, ya kwashe geron da ke gidan ya bayar, ya sa matarsa ta riƙa kai wa tsohuwa soyayyen nama da kabeji da dafaffen ƙwai. Nama ba ta iya taunawa, kabeji ya cika mata ciki da iska, ƙwai kuma ƙarninsa ke tayar mata da zuciya. Ga shi telan nan ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa kawar da kai take yi ta amsa a taƙaice. Mace irin wannan ce za ta buɗe baki ta ce wa ɗan farinta tana jin yunwa? Ai ko ana ha maza ha mata ba za ta faɗa ba. Sai ta tsotsi naman ta ajiye, saura ta miƙa wa jikoki, kwano ya fito wayam. Matar telan ta lura, ta daure ta gaya masa. Ya je ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ya tambayi tsohuwa ko abincin yana karɓar ta. Ta juya fuska ga bango ta ce alhamdu lillahi, shi kuwa ya tashi da murnarsa.

Tsohuwa ta fara ramewa, zane yana zame mata, ƙasusuwan wuya suka fito. Abin takaicin, ramar nan ita ta ƙara masa ƙarfin gwiwa, don shi ma ta ƙofar rama lafiyarsa ta shigo. Har labari yake ba abokan shago, wai jikin Inna ya fara sauƙi, kitsen banza yana narkewa. Wane kitse, bawan Allah? Wata safiya ta tashi za ta yi alwala, ƙafa ta kasa ɗaukar ta, ta zube a tsakar gida. A asibiti aka auna, ba sukari, ba hawan jini. Likita ya tambaya me take ci, tela ya shiga jerowa da alfahari. Likitan ya buɗe bakin tsohuwa ya nuna masa dasashi, sannan ya ce da me za ta tauna, yunwa ce ta kayar da ita. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ce a riƙa ba ta kunu kaɗan-kaɗan, amma jikin tsufa in ya saki ya saki. Ba a jima ba ta cika, kuma har ta cika ba ta ɗaga ido ta dube shi da zargi ba.

A zaman makoki mutane suka yi ta shigowa suna yaba shi, suna cewa samun ɗa irinsa sai an tona, ya riƙe uwarsa da nama kullum a wannan tsadar, Allah ya ba shi masu yi masa haka. Yana sunkuye yana amsa amin, ba shi kuma da wanda zai iya gaya wa gaskiyar abin da ya kashe ta.

Saboda haka dokar da likita ya ba ka taka ce, jikinka aka auna, ka riƙe ta da kyau. Amma kafin ka ɗauke ƙwaryar wani daga gabansa, kai shi a auna nasa jikin, ka kuma duba bakinsa ka ga da me yake ci. Ba banza Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido ba.