Tabon Lalle

Karo na huɗu ke nan kwamfutar tana mutuwa ana tsaka da haɗa bidiyon bikin 'yan ƙauyen Karare. Kamila ta dafe kai.

Da hannunta ta haɗa kwamfutar nan. Sai da ta lissafa wutar da kowane ɓangare yake ja, sannan ta sayi fawa mai wat 750, akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Don ɗoki, ko lallen hannunta bai gama bushewa ba ta ɗaura shi. Tana gama haɗa ta, yayanta Abdulgaffar, wanda shi ma yake sana'ar haɗa bidiyo a Safana, ya tafi da kwamfutar kwana biyu don ya duba mata. Ya ce komai lafiya.

Washegarin mutuwa ta huɗun nan ta ɗora kwamfutar a mashin daga Batsari har shagonsa.

"Yaya, na gaza. Ƙila lissafin wat ɗin na ɓata."

Ya girgiza kai. "Tun farko na gaya miki aikin maza ne. Da kin ƙara mata nauyi wutar ba ta isar ta. Ki turo mini masu bikin kada ki ji kunya."

Ta sunkuya za ta ajiye tata a ƙarƙashin teburinsa. Tasa kwamfutar na nan, gefenta a buɗe, tana aiki sumul. A jikin fawarsa an rubuta 750. Kusa da lambar akwai shatin babban yatsa, jajir.

Ta ɗago a hankali.

"Yaya, yaushe ka fara ƙunshi?"