Fedar Robert

Badung ya ɗora ƙafa a kan fedar, ɗan akwatin ƙarfen da ke sauya sautin jita, ya taka. 'Yar jar fitilarta ta kama. Ya kaɗa jitar sau ɗaya, sautin ya fito daga lasifika tas, kamar ruwan famfo.

Ba haka ya kamata ya fito ba.

Wata shida ke nan da motar haya ta kife da wansa Robert a hanyar Bukuru. Tun ranar Badung bai yi kuka ba, bai kuma taɓa kayan kiɗan mamacin ba. Yana cin abinci, yana zuwa aiki, yana amsa gaisuwa, shi ke nan. To amma ranar Lahadi za a yi addu'ar tunawa a cocinsu na Kabong, kuma ya yi alkawari zai kaɗa waƙar Robert da muryar Robert.

Muryar kuwa cikin ɗan akwatin ƙarfen nan take. Robert ne ya haɗa shi da hannunsa, da kayan cikin wata tsohuwar rediyo da Turawan kuza suka bari. In aka taka, sai sautin jita ya dushe, ya yi kaushi, ya riƙa gurnani kamar mai kuka da shaƙaƙƙen maƙogwaro. Shekara biyu Robert ya yi yana neman kaushin nan kafin ya dace. Maƙwabta suna toshe kunne, mamarsu ma haka, shi kuwa dariya kawai yake yi.

Badung ya murɗa maɓallin farko har ƙarshe. Tas. Ya murɗa na biyu. Tas. Ya sake batir, ya sake waya, ya sake takawa. Jitar ta ci gaba da magana cikin ladabi, kamar ta kowa.

Ya juya akwatin. Sukurori huɗu, ɗaya yana ƙyalli. Ya ji ɗan ƙaurin dalma. Bai kawo komai a ransa ba, ai Robert kullum cikin buɗe shi yake.

Ya zauna da jitar a cinya yana kallon bango, yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Shiru. Sai a sannan ya lura da Mama tsaye a bakin ƙofa, ashe ta daɗe a wurin. Fuskarta a sake take, abin da bai gani ba tun ranar jana'iza.

"Mama, kin ji?"

"Na ji, ɗana. Sake kaɗawa."

Ya kaɗa, yana neman yadda zai gaya mata cewa muryar Robert ma ta tafi.

Ta share ido da gefen zane, tana murmushi.

"Ka ji yadda ya washe ko? Sati biyu Malam Labaran mai gyaran rediyo ya yi a kan akwatin nan a Rikkos, ya ciccire tsofaffin kayan duka ya zubar, don kada a yi wa ɗan'uwanka dariya a coci."