Kujerar Bakin Ƙofa

"Yau babu gashin ciwon daji, Baba," in ji mai awon injin asibitin. "Muna zargin injin yana yoyon nutiron, wani tururi mai illa da ido ba ya gani."

Na buga sanda a ƙasa. Ni za a mayar gida? Ni da na ga bayan yunwa, na ga bayan agana, ciwon dajin ma tsorona yake ji!

"Kai ɗan nan, cikin injin nake kwanciya. Me yoyonsa zai yi mini?"

 Ya kai na'urarsa ta gano tururin jikin ƙofar ɗakin injin, sai ta ɗauki kuka.

"Wa ya jawo kujera nan?" in ji shi.

Ni ne. Nan nake zaunar da 'yata kullum, da tsohon cikinta, ta tsare mini takalma.