Katin Awon Umma

Ina 'yar shekara tara na raka Umma wani ƙaramin asibiti a Badarawa, naƙuda ta taso mata da la'asar. Ma'aikaciyar da muka tarar ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Hajiya, ina katin awo? In ba kati, ba gado."

Katin kuwa yana durowar Baba. Ma'aikacin gwamnati ne, duk takarda mai hatimi kulle ta yake yi, ya tafi ofis da makullin.

A kan bencin jira Umma ta haifi ƙanwata, ina kare ta da mayafinta.

Har yau abin na ci mini rai. Shi kuwa Baba alfahari yake da katin, wai ko lanƙwashewa bai yi ba.